Fitilun Bayan Motar Yaya

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau na turo motar Yaya daga rumfar Tartsatsi mai walda zuwa tawa rumfar. Kwana goma sha ɗaya ke nan da tifar yashi ta hau ta ta baya a mahaɗar hanya, kwana goma sha ɗaya Yaya yana kwance a asibiti. Tsohon bodin a-kori-kurar ya tashi daga aiki. Tartsatsi ya yanke shi ya jefa cikin tarkacensa, ya ɗora wani na hannu, irin mai akwatunan ƙarfe dama da hagu da ake zuba kayan aiki a kulle. Shekara nawa Yaya yana ƙulafucin irin wannan bodin saboda sifanoninsa da kayan gyaran famfo. To ga shi ya samu, amma ba ya nan balle ya gani.

Fitilun baya ne suka rage, wato aikina. Sai na ga Tartsatsi yana ɗaura igiya a gaban motar. Na ce ina zuwa? Ya hau susar ƙeya, ya ce, "Wai dama Anti ce ta ce a kai wa mai wayarin na bakin kasuwa." Anti matar Yaya ke nan. Na ce, "Ina raye? Motar yayana uwa ɗaya uba ɗaya?" Ya ce shi dai saƙo aka ba shi. Na zare makullin daga hannunsa, muka tura ta tare yana ta mita.

Direban tifar yana ta rantsuwa wai babu jar fitilar da ta kama masa, sai ganin mota ya yi tsaye a gabansa. Ni na taɓa fitilun nan kwana tara kafin ranar. Kowa a gidanmu ya san haka, kuma babu wanda ya ce min uffan, abin da ya fi ci min rai ke nan. Direban tifa kuwa me zai ce dama? Wanda ya yi ɓarna ai ba ya rasa ta cewa. Shekara goma sha tara ina wayarin ɗin mota, aikina ba ya kwancewa.

Wannan littafin na zanen waya ne, ba na surutu ba. Amma yanzu ba ni da wanda zan yi wa surutun.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Waya biyar ke tasowa daga gaban mota zuwa baya. Tartsatsi ya datse su daidai bamba ya bar su suna reto: ƙaramar fitila, siginar dama, siginar hagu, ribas, birki. Na ɗauki testa na bi su ɗaya bayan ɗaya. In na kunna abu a gaba sai in zagayo in dangwala, in testa ta kawo haske in ɗaura wa wayar ƙyalle in rubuta a jiki. Huɗu sun amsa. Ta biyar ta birki ce, ba sai na gwada ba tunda ita kaɗai ta rage. Kuma ma birki sai da mutum biyu ake gwada shi, ɗaya ya taka ɗaya ya duba, ni kuwa ni kaɗai ne.

Damuwar ita ce fitilun da suka zo da sabon bodin ba irin na motar ba ne. Na motar kowane aiki da ƙwansa, ja na birki, rawaya na sigina. Waɗannan kuwa jajaye ne masu zagaye, birki da sigina duk a ƙwai ɗaya. Tartsatsi ya leƙo ya ce, "Ka murɗe su wuri ɗaya mana, wa zai sani?" Na ce ya koma wajen ƙarfensa. In ka haɗa wayar birki da ta sigina haka kawai, ranar da aka taka birki har siginonin gaba sai sun kama, mai tahowa ya rasa inda ka nufa. Zan huda bodin in ƙara masa rawaya biyu daban, kowa ya tsaya a matsayinsa.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na je asibiti. Na kai bakin get, na karanta allon lokacin ziyara har sau biyu, na dawo.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Anti ta zo ɗaukar tabaran Yaya da ya bari a aljihun mota. Ta rame, idonta ya faɗa. Matar da tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa wuce ni ba ta tsokane ni ba: "Ƙaramin maigida, yaushe za mu sha biki ne, ko sai furfura ta gama da kai?" Yau cewa ta yi, "Malam, sannu da aiki."

Malam! Wai ni ne Malam.

Na ce, "Anti, ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Na ce, "Ƙafafun fa?" Ta ce likita ya ce a jira. Ta dubi wayoyin da ke reto, ta ce, "Na ce a kai wa wani ne don kada a ɗora maka nauyi." Na ce babu wani nauyi. Ta ce, "To. Nan da mako biyu abokin aikin Yayanka zai fara fita da ita, yara ba za su ci iska ba."

Da ta juya na so in ce, Yaya ya tambaye ni? Sai na bar ta ta tafi. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma ni wace kaza ce a aljihuna? Babu. Aikina ba ya kwancewa.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Yini guda ina kan bodin. Na huda ramuka biyu na ɗaura fitilu rawaya, na ƙara ƙarama ɗaya saman lamba. Ƙarfen nan yana da kaifi, duk inda waya za ta ratsa shi sai na yanko guntun tiyo na zura ta ciki, don kada girgiza ta sa ƙarfen ya cinye robar. Haɗi goma sha ɗaya na yi. Kowanne na fere waya, na murɗe, na narka masa dalma, na ja da ƙarfina sau uku, sannan na naɗe da baƙin salatif. Tartsatsi ya tsaya yana kallo da gilashinsa a goshi, ya ce, "Kai wai jirgin sama kake haɗawa ne?" Na ci gaba da naɗina.

Mai tasin da shekara shida ba ya kai motarsa ko'ina sai wajena ya wuce ta gaban rumfa, ya ɗaga min hannu bai tsaya ba. An ce an ga motarsa wajen na bakin kasuwa. Allah ya raka taki gona.

Da, war haka Yaya kan biyo in ya tashi aiki. Ya zauna kan mataccen batirin da ke bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya yi ta ba ni labarin gidajen mutane da famfunansu, wane ya toshe bututu da cokali, wance ta ce ruwanta yana warin kifi. Rabin labarin ma ba na ji, ina aikina ina cewa uhm. Yanzu in shida ta yi sai in kama kaina ina kallon titi. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa.

Lahadi, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na je gaida Inna. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, rediyo kusa da ita a kashe. Ta ce, "Auta, ka ga Yayanka?" Na ce na je na tarar yana barci. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Barcin nasa ya yi yawa ke nan. Jiya da idonsa biyu na yini a wajensa."

Na sunkuyar da kai ina wasa da makulli. Ta ce, "Lokacin da Babanku ya rasu, wa ya goya ka a keke ya kai ka wajen koyon aikin nan, kana kuka kana cewa kai ƙwallo za ka yi?" Na ce Yaya. Ta ce, "To." Ta miƙo min ruwa a kofi.

Shekarata talatin da takwas na yi wa uwata ƙarya ido da ido. Kunya ta hana ni shan ruwan.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na haɗa waya huɗu da na motar, na kunna siginar dama na zagaya baya. Subhanallahi! Sigina tana ƙyaftawa a sanyaye, fitilar ribas tana taya ta, ta lamba ma ta shiga rawa, ja tana amsa musu daga hagu. Tartsatsi ya fito da gudu yana tafi, ya ce, "Ka buɗe gidan biki ne ba ka gayyace mu ba?"

Na ce bikin nasa ne, shi ya haɗa. Wuta in ta shiga fitila dole ta koma batir ta jikin ƙarfen mota, shi muke kira at. Shi kuwa gwanin ya lafta wa bodin fenti har hawa uku, ya kuma ɗora shi kan guntayen taya wai don kada ya yi ƙara. Bodi bai taɓa shasi ba, wato ƙarfen gindin motar, ko ta wuri ɗaya, wuta ta rasa hanyar komawa sai ta yi ta kutsawa cikin fitilun maƙwabta. Na sa samfefa na goge fentin har ƙarfe ya fito fes, na ɗaure waya mai kauri daga bodi zuwa shasi, na kuma ja wa kowace fitila tata wayar at. Na sake kunnawa, kowa ya shiga taitayinsa.

Na yi dariya yau, karon farko tun ranar. Da na shiga ɗaki sai dariyar ta ɗauke.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Waya ta biyar tana nan tana reto. Yau na share rumfa, na jera noti-noti a gwangwani bisa girmansu.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Na haɗa ta biyar. Na kira Tartsatsi na ce ya shiga ya taka min birki. Na tsaya a baya na ce, "Taka!" Ya ce ya taka. Na ce, "Taka sosai mana, ba ƙwai ba ne!" Ya ce har ƙasa ya kai. Jajayen fitilun nan biyu suna kallona, ko ƙyas.

Na ce fis ne. Na zaro fis, lafiyarsa ƙalau. Na ce makunnin da ke ƙarƙashin feda ne. Na kwanta na dangwala testa, ya taka, wuta ta fito tar. Wuta tana barin gaba ke nan, amma ba ta isowa baya. A tsakani take ɓacewa, wani wuri ƙarƙashin motar.

Tartsatsi ya ce, "Ai dukan da motar nan ta sha ya isa ya tsinka waya." Na ce ƙwarai kuwa. Na ce haka ne. Na sake cewa haka ne har ya dube ni.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Ban buɗe rumfa ba. Kaina ke ciwo.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, ya taɓa nuna min wani abu. Zaren da ke cikin ƙwan fitila in yana ci yana da zafi, yana da taushi. In aka doki mota a lokacin, zaren sai ya lanƙwashe. In kuwa a kashe yake, a sanyi, sai ya karye ƙas kamar tsinke. Ya ce ƙwai yana faɗin ko a kunne yake lokacin da aka fasa shi.

Tun safe nake cikin tarkacen Tartsatsi ina ɗaga ƙarafa. Na ce masa noti nake nema. Na yanke a hannu wuri biyu kafin na kai ga tsohon bodin, ya naɗe kamar tabarma. Fitilar dama ta zama gari. Ta hagu murfinta ya fashe amma ƙwan birkin yana nan a soket ɗinsa. Na zare shi a hankali, na kai shi hasken rana, na ɗora gilashin da nake duba ƙananan lambobi da shi.

Ina so in ga ya lanƙwashe. Ban taɓa son ganin wani abu kamar yadda na so ganin zaren nan a lanƙwashe ba.

A miƙe yake, ya karye gida biyu.

Na zauna kan tayar da ke wurin ina gaya wa kaina ƙila Yaya ya ɗaga ƙafarsa daga birki a daidai lokacin. Yaya da ko a fili in ya tsaya sai ya danne birki har gwiwarsa ta yi tsami. Tsoro nake ji.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashin motar. Ban nema ba, na san wurin. Bayan tankin mai, inda waya ke haye ƙarfen da ya gitta. Duka bai kai nan ba, ko fentin wurin bai kwarzane ba.

Salatif ɗina ne, naɗina ne, ga gurbin haƙorina inda na datse shi. Na warware. Bakin waya ɗaya yana nan, ɗayan yana can, tsakaninsu ya kai faɗin yatsa. Da dukan ne ya raba su, da tagullar tana ƙyalli. Wannan ta yi baƙi, busasshen taɓo ya shiga tsakanin silin wayar. Ta daɗe da rabuwa kafin tifa ta iso. Babu dalma ko ɗigo.

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da bakin kai wa wani.

Ranar nan, kwana tara kafin haɗarin, Yaya ya zo da azahar ya ce an gaya masa fitilar birkinsa tana wasa. Na shiga na tarar wayar ta ruɓe a nan, na yanke ruɓaɓɓen na sa sabuwa. Ina shirin liƙewa aka ɗauke wuta, ƙarfen dalma ya huce. Yaya yana tsaye da waya a kunne, wani gida ruwa ya ɓalle musu, suna ta kiransa. Na murɗe da filaya, na naɗe, na ce a raina gobe in ya biyo da yamma sai in liƙe. Ya leƙo ya ce, "Auta, in taka maka ka duba?" Na ce, "Haba Yaya, ni ne fa. Tafi, ya yi."

Washegari ya biyo, ya zauna kan batirin nan, muka yi hira har rana ta faɗi. Washegarinta ma ya biyo. Kwana tara yana biyowa, motar tana tsaye a gabana taku biyar, ban tuna ba. Ko kuwa na tuna sau ɗaya na ce gobe. Na tuna. Ranar Laraba ce, ina cin gyaɗa.

Na yanko haɗin duka da bakinsa biyu na sa a aljihun riga.

Talata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ashe Tartsatsi ya gan ni jiya. Ya shigo ya zauna, ba wasa a fuskarsa, abin da ban saba gani ba. Ya ce, "Nuna min." Na nuna masa. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce, "Ka ba ni in jefa a wuta, minti ɗaya ya zama toka. Wa ya gani? Ni kuma ban da ido."

Na ce Yaya fa?

Ya ce, "Yayanka zai tashi ne don ka faɗa? A bar kaza cikin gashinta, malam. Mutum yana kwance yana fama da kansa, ka je ka ƙara masa da wannan? Ka rasa ɗan'uwa, ka rasa sana'a, tsohuwa ta kwanta ciwo. Wa ka taimaka?"

Maganarsa tana kan hanya, shi ya sa na ji haushinsa. Na karɓe abina na ce ya tashi ya ba ni wuri, ina da aiki.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Na canza riga, na mayar da shi aljihun sabuwar.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na ja sabuwar wayar birki tun daga feda har bamba, guda ɗaya, babu haɗi a tsakani. Ban kira kowa ya taka ba. Kunyar Tartsatsi nake ji, kuma ban san wani da zan kira ba. Na zauna kan batirin Yaya har masu shaguna suka rufe.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Anti ta zo ganin ko an gama. Na ce saura gwaji ɗaya, kuma sai da mutum biyu. Ta ce ita ba ta iya mota ba. Na ce ba tuƙi ba ne, feda ta tsakiya kawai za ta danna. Ta tattare zaninta ta hau, ta zauna a kujerar mijinta, ta daɗe ba ta motsa ba. Ina hango ta ta madubi tana shafa sitiyari.

Na ce, "Anti, taka." Jajaye biyu suka kama tar, har a bangon rumfa. Na ce ta saki, suka mutu. Na ce ta sake. Sau bakwai na sa ta, har ta leƙo ta taga ta ce, "Wai ba su kama ba ne?" Na ce sun kama.

Da ta sauko ta tsaya tana gyara mayafi, ba ta dube ni ba ta ce, "Ni ban san waya ba, ban san fitila ba. Abin da na sani, duk wanda ya turo ƙofar ɗakin nan sai Yayanka ya ɗaga kai ya duba, sannan ya mayar. Na gaji da ganin haka." Ta karɓi makullin ta tafi.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Abokin aikin Yaya ya zo ya tafi da motar. Na bi ta da kallo har kwana, ya taka birki, sun kama. Rumfar ta yi min faɗi.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

A asibiti nake rubuta wannan, littafin a kan gwiwata.

Ƙarfe uku na wuce get ban tsaya karanta komai ba. Ɗakin gado takwas ne, fanka ɗaya ce ke aiki, nasa na ƙarshe kusa da taga. Na turo ƙofa ya ɗaga kai. Gemu ya cika masa fuska, wuyansa ya zama siriri. Anti ta dube ni, ta ɗauki flas ta ce za ta nemo ruwan zafi.

Ya ce, "Auta. Hanya ce ta ɓace maka?"

Na durƙusa a gefen gadon. Gaisuwar ma ban iya ba. Na zaro abin daga aljihu na sa masa a hannu. Mai gyaran famfo ne, ya san haɗi in ya gan shi. Ya kai shi kusa da ido, ya murje taɓon da babban yatsa.

Na ce, "Wayar birkinka ce, Yaya. Ban liƙe ba. Wuta ta ɗauke, na murɗe na naɗe na ce gobe. Ka ce ka taka min in duba, na ce ka tafi. Direban tifa gaskiya ya faɗa."

Mutumin gado na kusa ya juya mana baya, Allah ya saka masa.

Can ya ce, "Wata guda ina kwance a nan, duk wanda ya ce fitila sai in ce ƙanina ba ya aikin banza. Direban nan, bawan Allah, ya zo har nan yana kuka, na ƙaryata shi a gaban mutane saboda kai." Ya ce, "Za ka neme shi ka faɗa masa da bakinka." Na ce zan je. Ya ce, "Inna kuma ni zan gaya mata, ba kai ba." Na ce to.

Na ce, "Yaya, ka yafe min."

Ya ce, "Kada ka tambaye ni yau. In na ce maka na yafe yau ƙarya na yi, ƙarya kuwa ta ishe mu haka." Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ya shige cikin gemun. Ni ma kuka nake, ƙato da ni, a gaban mutane. Na miƙe zan fita, don na ɗauka an sallame ni ke nan.

Ya ce, "Ina za ka? Bayana ya yi zafi tun ɗazu. Antinka ba ta iya ɗaga ni ita kaɗai, nas kuma sai ta gama da na can. Zo nan. Sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu. A hankali, ba injin mota ba ne."

Na sa hannu na juya shi ya fuskanci taga. Mutumin da yake ɗaukar tankin ruwa shi kaɗai, yau ban ji nauyinsa ba. Jikinsa ya juya amma ƙafafun ba su biyo ba, suna nan inda suke. Sai da na ɗauke su da hannuna ɗaya bayan ɗaya na jera, na sa filo a tsakaninsu yadda ya ce. Ya tambaye ni ko na gyara su, don shi ba ya ji.

Bai sake yi min magana ba. Ya yi barci da wayar a dunƙule a hannunsa. Anti ta dawo ta ce duk bayan awa biyu ake juya shi, dare da rana. Na ce ta je gida ta huta, ta ga yara. Ta ɗauki jakarta.

Na jawo kujera kusa da gadon. Ƙarfe shida saura zan sake juya shi.